Yara ba su shiga teku ba, amma sun dawo da gudawa: yashi ne ya jawo?

"Assalamu alaikum. Ni malamin Islamiyya ne a Agege, Legas. Bayan ƙaramar Sallah mun kai ɗalibanmu shan iska bakin teku. Saboda tsoron igiyar ruwa muka hana kowa shiga, duk wasansu a yashi suka yi, suna haƙa ramuka, har suka binne wani yaro zuwa ƙirji. Kwana biyu da dawowa yara biyar suka kama gudawa. Bayan mako guda kuma wani jan layi mai lanƙwasa ya fito wa ɗaya a ƙafa, yana ta ƙaiƙayi. Iyaye sai magana suke yi. Shin yashi yana ɗauke da cuta? Kuma akwai yadda za a auna shi kafin mu sake zuwa?"

Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam, Allah kuma ya ba yaran lafiya. Hana su shiga ruwa da kuka yi daidai ne, tekun Legas yana da ja mai ƙarfi, kuma ya ci ƙwararrun masu iyo balle yara. Tambayarka in na fahimta kashi biyu ce: ko yashin da ido yake gani fes zai iya sa mutum rashin lafiya, sannan ko akwai ma'aunin da ake gane tsaftarsa da shi. Duka biyun amsarsu e ce, sai dai kowacce da sharaɗinta. Aikina a ɗakin gwaje-gwaje yake, na daɗe ina auna ruwa da ƙasa, amma ni ba likita ba ne, kuma yaran ba a gabana suke ba. Abin da zan faɗa game da jikinsu hasashen mai sanin hanyoyin cuta ne, hukunci yana wurin wanda ya duba su.

Yaran ne a gaba da komai. Mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na cikin leda, a haɗa shi yadda aka rubuta a jiki, a ƙara da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, kuma kada a hana shi abinci. In an ga jini a bayan gida, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa shan ruwa, ko kashin ya koma tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, to ba a kwana da shi a gida, asibiti za a nufa. Mai layi a ƙafa shi ma a kai shi, zan zo kan maganarsa.

Me ya sa yashi yake ɓoye abin da ruwa ba ya riƙewa

Yawancinmu mun ɗauka gishirin teku da zafin rana suna ƙone komai. A ruwa akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato, domin hasken rana yana kashe ƙwayoyin cutar da suka fito daga hanji, igiya kuma tana tarwatsa su. A yashi labarin ya sha bamban. Hasken rana a fatar sama kawai yake tsayawa. Ka tura ɗan yatsa ƙasa kaɗan za ka ji sanyi da laima ko da rana ta take. Kowace ƙwayar yashi tana da 'yan ramuka a jikinta, bakteriya kan manne a ciki su lulluɓe kansu da wani yauƙi da ke kare su daga bushewa. Abinci kuma bai yanke musu ba: ragowar shinkafa da ƙashin kifi, kashin tsuntsaye, da ciyawar teku da ruwa ke watsowa. Tun 2011 gaɓar Afirka ta Yamma take fama da wata ciyawa mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake kira sargasum, wadda kan taru tuli-tuli ta ruɓe tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙarƙashin irin wannan tulin akwai inuwa da danshi da abinci gaba ɗaya.

Shi ya sa in aka ɗebi yashi da ruwan da ke kusa da shi aka auna su nauyi da nauyi, sau da yawa bakteriyar kashi ta fi yawa a yashin, ninki-ba-ninki. Yashi yana aiki kamar rariya: ruwa mai datti ya ratsa ya wuce, dattin ya zauna. In teku ta cika ko aka yi ruwan sama mai ƙarfi sai ya mayar wa ruwa abin da ya tara. An ga haka ƙarara a wata gaɓa ta birnin Shikago a Amurka, a bakin tafkin Mishigan. An kwashe yashin wurin aka zuba sabo, cikin mako biyu bakteriyar E. coli, wadda ake samu a kashi, ta sake cika shi. An wallafa wannan binciken a 2003, kuma darasinsa shi ne canza yashi ba ya magani muddin mafarin dattin yana nan.

Mafarin kuwa a gaɓar biranenmu ba ɓoyayye ba ne. Akwai kwatocin gari da ke ɓullewa kai tsaye a kan yashi. Akwai masu fita bahaya da asuba a inda babu masai. Akwai karnuka da kyanwoyi da ke kwana ƙarƙashin rumfuna, da dawakin haya da ake zagaya yara a kansu, suna zubar da kashi a daidai inda wasu za su shimfiɗa tabarma an jima. A Accra an shafe shekaru da dama motocin kwasar masai suna juye kayansu cikin teku a wurin da ake wa laƙabi da Lavender Hill, kafin a gina matatar najasa a can. Duk wanda ya zauna Sabon Zongo ya san warin wannan yanki.

Abin da ƙididdiga ta nuna

Binciken da aka fi dogara da shi an yi shi ne a Amurka, aka wallafa a 2009. An yi hira da mutum fiye da 27,000 a gaɓa bakwai, a ranar da suka je, sannan aka kira su ta waya bayan kwana 10 zuwa 12 aka tambayi lafiyarsu. Waɗanda suka yi haƙa a yashi sun fi waɗanda ba su yi ba kamuwa da ciwon ciki da kashi 13 cikin 100, gudawa kuma da kashi 20. Waɗanda aka binne a yashi, kamar ɗalibinka, ƙarin ya kai kashi 23 na ciwon ciki da 24 na gudawa. Daga baya masu binciken suka auna yashin kansa a gaɓa biyu, suka ga inda jiƙaƙƙen yashi ya fi yawan bakteriyar kashi nan masu haƙa suka fi yin rashin lafiya.

A karanta waɗannan lambobi da natsuwa. Ƙarin kashi 20 ba yana nufin yaro 20 cikin 100 za su kwanta ba. A misali, in da mutum biyar cikin ɗari ne za su yi gudawa ko ba su taɓa yashi ba, haƙa za ta mayar da su shida. Ƙari ne na gaske, amma ƙarami. Sai dai a tuna gaɓar da aka yi aikin a kansu suna ƙasar da ake tace najasa kafin a sake ta, kuma ana rufe wuri in gwajin ruwa ya yi muni. Gaɓar da kwata ke kwarara a kanta tana wani aji dabam, kuma ni a ganina haɗarin can ya fi haka nesa ba kusa ba.

Yashi ne, ko kular abinci?

A nan zan ɗan ja birki, domin na sha ganin an ɗora wa ruwa ko ƙasa laifi alhali ɓarawon yana cikin kula. Lokacin da ciwo ya fara yana ba da labari, domin kowace ƙwayar cutar ciki da lokacin da take ɗauka kafin ta bayyana. Shinkafar da aka dafa tun asuba, ta wuni cikin mota da zafi, tana iya haifar da amai cikin awa ɗaya zuwa shida, saboda dafin wata bakteriya da ke jure dahuwa. Norobairos, ƙwayar cutar amai da gudawa, wanda yake saurin bi ta hannu daga yaro zuwa yaro, yana bayyana tsakanin awa 12 da 48. Bakteriyar Salmonela daga awa shida har kwana shida. Kamfilobakta, wadda ke yawa a kashin tsuntsaye, kwana biyu zuwa biyar. Jiyadiya, wata ƙwayar cutar hanji, kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Kwana biyun da ka ambata ya kawar da zargin dafin shinkafa, amma bai raba gardama tsakanin yashi da naman da bai gasu ba, ko ruwan leda, ko ƙanƙarar da aka sa a zoɓo.

Ga yadda muke yi in an kira mu irin wannan, kuma kai ma za ka iya da biro da takarda. Jera sunayen duk waɗanda suka je, har malamai da direba. A gaban kowane suna ka rubuta ko ya yi haƙa, me ya ci, me ya sha, ko ya wanke hannu kafin ci, da ranar da ciwo ya kama shi in ya kama. In malaman da suka zauna a tabarma, ba su taɓa yashi ba amma sun ci abinci ɗaya da yara, su ma cikinsu ya ɓaci, to a binciki abincin. In biyar ɗin nan duk 'yan ramin da aka binne yaro ne, sauran da suka ci abinci ɗaya lafiyarsu ƙalau, zargi ya koma kan yashi. Galibi ma abin haɗin gwiwa ne: yashi ya ɓata hannu, hannu ya shiga kwano. Wannan takarda ita ce amsar da za ka ba iyaye, ta fi rantsuwa da ba-ni-in-ba-ka amfani.

Layin da ke ƙafa

Wannan kam kusan na tabbata daga yashi ne, kuma hanyarsa dabam ce da ta gudawa. Yadda ka siffanta shi ya yi daidai da tsutsar hanjin kare da kyanwa. Dabbar ta yi kashi a yashi mai laima da inuwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, cikin kamar mako guda 'yar tsutsar da ido ba ya gani ta isa huda fata. In ta shiga jikin mutum sai ta rasa hanya, domin ba gidanta ba ne, ta yi ta yawo a ƙarƙashin fatar sama, tana matsawa kaɗan-kaɗan kullum, tana barin jan layin nan mai ƙaiƙayi. An fi ganinta a ƙafa da ɗuwawu da baya, wato inda jiki ya taɓa ƙasa. Tana mutuwa da kanta bayan makonni, amma susa tana kawo gyambo. Likita yakan ba da albendazol ko ibamektin, shi ne zai yanke adadi gwargwadon nauyin yaron. Don Allah kada a tsaga da reza ana neman kanta, tsutsar tana gaba da inda layin ya tsaya, tsagar ba ta samun komai sai ƙarin ciwo. Kuma ciwon layin nan ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, saboda haka babu dalilin hana shi zuwa makaranta.

Ta fata akwai sauran baƙi. Jiga tana son busasshen yashi mai inuwa, tana shiga gefen farce ta kumbura kamar ƙwayar wake. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya samu kusan kashi 45 cikin 100 na mutanen wani ƙauye a yankin Badagry suna ɗauke da ita, ka ga ba labarin wata ƙasa ba ne. Akwai dangin fumfuna masu kawo ƙora da makero da ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa. Kwalba ko ƙusa da ta ɓuya a yashin da dawaki ke kashi tana iya kawo ciwon sarƙe-haƙora ga wanda ba shi da rigakafi. Sai wata bakteriya ta ruwan gishiri mai ɗumi, dangin mai kawo kwalara, da ke shiga ta rauni. Ba ta cika faruwa ba, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da ta kama yakan rasu. Ta fi tsananta ga masu ciwon hanta da masu ciwon suga. Malami ko uba mai gyambo a ƙafa ya zauna nesa da jiƙaƙƙen yashi.

Yadda ake auna yashi

Shekara da shekaru hukumomi ruwa kawai suke aunawa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon jagora kan ruwan wanka da shaƙatawa, a ciki ta ba da adadi na wucin gadi ga yashi: kada bakteriyar hanji da ake kira enterokokai ta wuce 60 a kowane giram. Na ruwa kuwa 200 ne a mililita 100. Ga dangin fumfuna ta ambaci 90 a giram a matsayin abin kwatance, adadin da ya samo asali daga wani aikin haɗin gwiwa da aka yi a ƙasashe 13, yawancinsu na Turai. Fotugal ce ta yi gaba wajen shigar da ingancin yashi cikin sharuɗɗan ba gaɓa tutar yabo.

Dalilin zaɓen enterokokai shi ne ba zai yiwu a bi kowace cuta ɗaya bayan ɗaya ba, sun yi yawa, kuma neman wasu yana da tsada. Sai a nemi sawun kashi. Enterokokai tana cikin hanjin mutum da dabba, tana jure gishiri fiye da E. coli, kuma ba ta da wuyar shukawa. In an same ta da yawa, an san kashi ya ratsa wurin, kuma abin da ke tafiya tare da kashi yana iya kasancewa.

Ɗibar samfuri ita ce rabin aikin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Yashi ba kamar ruwa ba ne da ke gauraya kansa. Ka ɗiba a nan ka samu kusan babu, ka matsa taku uku inda kare ya tsuguna shekaranjiya ka samu dubbai. Saboda haka muna raba gaɓa gida-gida: busasshen yashi na sama inda ake zama, layin da cikar teku ke ajiye shara, da jiƙaƙƙen yashi inda igiya ke lasa. A kowane gida mukan ɗiba daga wurare da dama, zurfin kamar santimita 10, da cokalin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, mu haɗa su a jaka ɗaya mu cakuɗa. Ba a haɗa na sama da na ƙasa, domin kowanne labarinsa dabam. Jakar ta shiga kula mai ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji a ranar. Samfurin da ya wuni a cunkoson motoci ba ƙanƙara, sakamakonsa na cunkoson ne, ba na gaɓar ba.

A ɗakin gwaji hanyar da aka fi bi mai sauƙi ce, wani gwajin kwatanci na 2009 ya nuna ta yi daidai da hanyoyin da ke bukatar injina. A auna giram 10 na yashi, a zuba ruwa mai tsabta mililita 100, a girgiza da hannu minti biyu, a bari ya kwanta daƙiƙa 30. Sai a tace ruwan saman ta wata takarda mai ƙananan ƙofofi da bakteriya ba ta iya ratsawa, a ɗora takardar a kan abincin bakteriya cikin faranti, a sa a akwatin ɗumi a digiri 41 na awa 24. Kowace ƙwaya mai rai za ta hayayyafa ta zama ɗigo da ido ke gani, sai a ƙirga. Lissafin ba wuya: in mililita 10 ka tace daga cikin 100 ɗin, daidai yake da giram ɗaya na yashi. In ka ƙirga ɗigo 75, yashin yana da 75 a giram, ya haye 60. Akwai kuma tire mai aljihuna da ake zuba ruwan a ciki a liƙe, aljihun da ke da bakteriya ya yi haske a ƙarƙashin fitila ta musamman. Ya fi sauƙi, amma kayan daga waje suke zuwa, da dala.

Abin da littafi ba ya faɗa shi ne wuta. Na taɓa yin asarar aikin wuni guda saboda lantarki ya ɗauke cikin dare, janareta bai tashi ba, akwatin ya huce. Da safe farantan suka fito kusan fes. Da ban duba ma'aunin zafi ba da na rubuta cewa yashin lafiya lau. Tun daga nan ba na yarda da sakamako sai na san akwatin ya riƙe zafinsa har gari ya waye, kuma an sa faranti na gwaji mai bakteriyar da aka sani a gefe. In za ka kai samfuri wani wuri, ka tambaye su wannan, daga amsarsu za ka gane ko sun san aikinsu.

Inda lambar take gazawa

Ka lura da abu ɗaya, Malam. Duk wannan gwaji da zai iya ba ka haske kan gudawar yara biyar ba zai ce komai ba kan layin da ke ƙafar yaron nan. Yashi zai iya cin jarrabawar enterokokai alhali cike yake da 'ya'yan tsutsar kare. Neman su aiki ne dabam. Ƙwan tsutsa ana kaɗa yashi cikin ruwan gishiri mai kauri, ƙwai ya taso sama a duba a madubin likita. 'Ya'yan tsutsa masu rai kuma a ɗaure yashin a ƙyalle a jiƙa a ruwan ɗumi cikin mazurari, su fito da kansu su taru a ƙasa. Duka biyun ba su da tsada, duk ɗakin gwajin da ke duba kashin marasa lafiya ko na dabbobi zai iya. A ƙasa mai zafi da karnuka sake, ni na fi ba wannan gwaji muhimmanci a kan na fumfuna, wanda aka gina adadinsa a kan gaɓar Turai.

Matsala ta biyu ta zafi ce. Bincike a Hawai ya nuna enterokokai da E. coli suna iya rayuwa har su hayayyafa a ƙasa mai ɗumi da laima ba tare da sabon kashi ba. Don haka hukumomin can suke ƙara duba wata bakteriya ta biyu don tabbatarwa. Yanayin Legas ya fi kama da Hawai a kan Fotugal, ma'ana adadi mai yawa wani lokaci yana nuna tsohuwar zuriya ce da ta yi gida a yashi. Akwai gwajin ƙwayoyin halitta da ke bambance ko kashin na mutum ne, na kare ko na tsuntsu, kuma sanin hakan yana da amfani sosai tun da kashin mutum ya fi ɗauke da cututtukan mutum. Amma na'urar da sinadaranta sun fi ƙarfin aljihun makaranta.

Ta uku ita ce lokaci. Sakamako yana fita gobe, yana ba da labarin jiya. In aka yi ruwan sama a tsakani, komai ya canza. Gwaji ɗaya hoto ne na rana ɗaya. Sa ido na gaskiya shi ne a riƙa ɗiba daga wurare ɗaya, wata bayan wata, rani da damina, kafin biki da bayan biki, har a san halin gaɓar. Wannan nauyi ne na hukumar muhalli da masu karɓar kuɗin ƙofa, kuma tun da kuna biya kuna shiga, kuna da bakin tambayarsu ko suna aunawa, su nuna takarda.

Ƙafa da hanci kafin faranti

Saboda haka ban ba ka shawarar kashe kuɗin makaranta a gwaji ɗaya ba. Jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya kansa ya ɗora nauyi mai yawa a kan zagayen duba tsafta, wato mutum ya taka wurin ya nemo mafarin datti. Abin da ya faru a gaɓar Porto Pim, a tsibirin Faial na Fotugal, a 2019 ya isa misali. Mutum 30, yawancinsu yara, suka fito da ƙuraje masu ƙaiƙayi bayan sun yi wasa a yashi. Gwaji ya nuna kashi a yashin, amma abin da ya warware matsalar shi ne bin sawu har aka gano wani akwatin najasa da ya lalace a ƙarƙashin ƙasa yana tsiyaya. Aka gyara shi, aka kwashe gurɓataccen yashin, sannan aka buɗe wurin.

Kwana ɗaya kafin tafiya ka tura mutum biyu, da sassafe kafin masu shara su rufe asiri. Su bi gaɓar daga wannan kai zuwa wancan. Ina kwata take fitowa, ina take bi? Masai nawa ne, suna aiki, ina suke zubarwa? Akwai ruwa da sabulu a bakinsu? Akwai sawun karnuka, kashin doki, kunzugun jarirai? Akwai kududdufin da ya kwanta a bayan tudun yashi ya yi kore? Yara suna son irin wannan ruwa saboda ba igiya, kuma shi ne mafi muni a duk wurin. In an yi ruwan sama mai ƙarfi a ɗaga tafiyar. A Kalifoniya shawarar hukuma ita ce a jira awa 72, ni ma ita nake bi. Washegarin babban biki ma ba ranar zuwa ba ce, dubban ƙafafu da ragowar abinci sun bar aikinsu. In kuna da zaɓi, watannin rani sun fi Yuni da Yuli da ruwa ke zuba a Legas.

A ranar, a zauna a busasshen yashin da rana ke duka, nesa da bakin kwata da layin shara. Inuwar rumfa tana da daɗi, amma ita ce ɗakin kwanan karnuka, a shimfiɗa tabarma ko leda mai kauri, tawul ba ya hana laima ratsowa. Silifa a ƙafa. Binne yaro a daina shi gaba ɗaya, ko ba don cuta ba, ramin yashi yana ruftawa, kuma nauyinsa a ƙirji yana hana numfashi. Sai babban makami: jarkar ruwa, buta da sabulu, da malami guda da aikinsa kawai ya tsaya a kai kafin a buɗe kula. Wani gwaji a Shikago ya nuna ɗauraye hannu da ruwa mai tsabta sau huɗu yana kawar da kusan duk E. coli da yashi ya bari, balle an haɗa da sabulu. Man goge hannu na kwalba ba ya aiki sosai a hannu mai yashi, kuma ba ya iya wa norobairos. A ci da cokali. In an koma gida a yi wanka, a duba tsakanin yatsu.

Tun da Malam ne, na san maganar salla za ta taso. Hukuncin tsarkin yashi ku ne masana, ban isa in sa baki ba. Abin da na sani shi ne abu zai iya zama ba a ga najasa a kansa ba amma yana ɗauke da abin da ido ba ya gani. A ɗauki ruwan alwala daga gida don kada a bukaci taimama a inda doki ya wuce, a kuma yi sujada a kan darduma.

Kafin ka sake shirin bakin teku, ka leƙa harabar makarantarku. In akwai tulin yashin gini da aka sauke aka bari, nan kyanwoyin unguwa suke binne kashinsu da dare, da safe kuma nan yara suke gina gidaje. Na ga irin layin nan a ƙafar yaran da ba su taɓa ganin teku ba, kuma haka yashin bakin kogi yake in ruwa ya janye da rani, a Yola ko a Yamai. Ka tambayi yaron ko yana wasa a irin wannan tulin, domin in haka ne, mai yiwuwa ba daga tafiyarku ya samo ta ba. Tulin kuma a rufe shi da tamfol, a danne gefensa da bulo.